Shin cire wa ma'aikaci ikon goge ajiya zargin rashin amana ne?

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 6 ke nan ina kula da manhajar da ma'aikatarmu take ajiye kwafin bayananta a gajimare, wato ma'ajiyar intanet, kuma ba a taɓa neman fayil an rasa ba. Makon jiya sabon shugaban sashenmu ya sauke asusuna daga matsayin admin, wato mai cikakken iko, zuwa matsayin mai dawo da bayanai kawai. Yanzu ina iya dawo da abin da ya ɓace, amma ba na iya goge tsohuwar ajiya, ba na iya sauya wa'adin da ake riƙe ta, ba na iya buɗe wa kowa asusu. A ganina, ma'aikatar da mutanenta ba su kai 30 ba ba ta buƙatar wannan rabe-raben matsayi, domin jinkiri kawai yake kawowa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an nuna kamar ni ba mai amana ba ne.

Ma'aikaciyar tsaron bayanai: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar amana ba ta taso ba a nan. Izinin da ake ba asusu ba da halin mai shi ake auna shi ba, ana auna shi ne da ɓarnar da za a yi idan kalmar sirrinsa ta faɗa hannun ɓarawo. A shekarar 2014 wani maharin intanet ya shiga asusun da kamfanin Code Spaces yake da shi a gajimaren Amazon, ya goge bayanansu tare da ajiyarsu, har kamfanin ya rufe, saboda duk abubuwan biyu suna ƙarƙashin iko ɗaya.

Abokin mai ƙorafi: Malama, ta yaya za ki ce amana ba ta taso ba? Dole wani ya riƙe matsayin admin, kuma shugaban nan da ya ƙwace shi ya riƙe wa kansa. Idan mai shekara 6 bai cancanta ba, wa ya tantance amanar wanda ya zo jiya? Na san wannan bawan Allah, ko allura ka ba shi ajiya za ka same ta.

Tsohon mai kula da saba (kwamfutar da ke riƙe bayanan ma'aikata): Yarana, kuna cakuɗa kalmomi biyu. Amana ita ce abin da aka damƙa maka, yarda kuma ita ce abin da ke zuciyar wanda ya damƙa. Idan aka rage maka kayan da kake tsaro, nauyin amana aka sauƙaƙa maka, ba yarda aka janye ba.

Abokin mai ƙorafi: Baba, da girmanka, amma duk wanda aka karɓe wa makulli a gaban abokan aikinsa ya san abin da ake nufi, ko da wace kalma aka kira shi.

Ma'aikaciyar tsaron bayanai: Ƙa'idar ba kowane asusu mafi ƙarancin ikon da aikinsa yake buƙata tsohuwa ce, masana kwamfuta Saltzer da Schroeder sun rubuta ta tun 1975, ba don wulaƙanta kowa aka ƙirƙiro ta ba.

Abokin mai ƙorafi: Ku masu aikin tsaro kullum bayan shugabanni kuke bi, domin da tsoratar da su kuke samun aiki. Ni na ji an ce yawancin asarar bayanai kuskuren manya ne, ba na ƙananan ma'aikata ba.

Ma'aikaciyar tsaron bayanai: Malam, ka kawo mana wanda ya faɗa, kuma ka bar sana'ata gefe, domin ni ban taɓa sana'arka ba.

Mai ƙorafi: Don Allah a daina faɗa saboda ni. Da can mu uku muke amfani da asusun admin ɗaya da kalmar sirri ɗaya, kuma ba a taɓa samun matsala ba.

Tsohon mai kula da saba: To, ɗana, wannan ya fi duk abin da aka faɗa muni. Idan mutum uku suna shiga da suna ɗaya, rajistar ayyukan manhajar ba za ta nuna wanda ya goge abu ba, kuma ranar da aka yi ɓarna kai za a fara tuhuma ko da kana barci. Gyaran da nake so shi ne kowa ya samu asusunsa da tantancewa ta mataki biyu, wato kalmar sirri da wata shaida ta biyu, sannan gogewa ta buƙaci amincewar mutum biyu, kamar yadda manhajar ajiyar kwafin bayanai ta Veeam ta tanada. Ma'ajiyar gajimare ta Amazon S3 ma tana da kullen Object Lock, wanda a mafi tsananin tsarinsa ko babban mai asusu ba ya iya goge ajiya kafin wa'adinta ya cika. Da haka shugaban ma bai fi ƙarfin doka ba.

Mai taƙaitawa: Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya amince shugaban sashen ya yi daidai, kuma ƙorafin ɗan'uwanmu ɓacin rai ne wanda zai wuce. Ni ma haka na tsara asusun ma'aikatan da ke ƙarƙashina.

Abokin mai ƙorafi: Ban amince ba, kuma Baba ma cewa ya yi a ɗaure hannun shugaban, ka tsallake wannan.

Mai ƙorafi: Har yanzu babu wanda ya amsa mini batun ƙananan ma'aikatu. Wurin ajiyarmu ya kusa cika, shugaban yana hutu, kuma shi kaɗai ne yake da ikon gogewa.