Wai iska ake saya da miliyoyin nan?

Sani Jamus: Jama'a abin nan ya ishe ni. Shekara da shekaru ina tara kuɗi in sayi tsohuwar Porsche 911, kullum na matso sai farashin ya ƙara gaba. Tun da kamfanin ya daina injin da iska ke sanyayawa a 1998, aka koma na ruwa, dillalai suka mai da tsofaffin kamar gwal. A 2016 wata 911 mai iska, samfurin 993 GT2, ta haura fam miliyan 1.8 a gwanjon Landan. Motar da ko lagireto ba ta da shi! Iska kawai ake sayar wa mutane.

Usta Bala: Gyara zancenka Malam Sani. Wa ya ce maka iska kaɗai ce? Injin nan yana shan baƙin mai sama da lita goma, man ma yana kwashe zafi, ba iskar fanka kaɗai ba.

Sani Jamus: Usta, ni maganar tsada nake.

Usta Bala: Ka fara sanin abin da za ka saya tukuna.

Ɗan Fagge: To in mai ne, me ya sa masu ita ke kiranta mai iska? Kun fi Jamusawa sanin motarsu?

Hajiya Turai: Ni dai na san Boswajar Babanmu ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Injin a baya, in fambel ya tsinke sai mu sauka mu zauna a gindin bishiya. 'Yan gwangwan suka ɗauke ta, har yau abin yana min ciwo.

Ɗan Fagge: Hajiya, ana zancen Porsche kina kawo kunkuru?

Hajiya Turai: Ferdinand Porsche ne ya zana kunkurun, yaro. A Legas ma an harhaɗa ta.

Garba Kakuri: An harhaɗa, amma wa ya je Maiduguri da ita cikin Afrilu? Fijo 504 ta Kaduna ita ce mota.

Usta Bala: Fijon da ke tafasa a cunkoso? Na gaji da kwance muku lagireto.

Garba Kakuri: Rashin iya gyara ne.

Usta Bala: Maimaita.

Sani Jamus: Don Allah ko 911 samfurin Carrera RS ta 1973 wani ya taɓo, wadda ba a ƙera ko 1,600 ba...

Ɗan Fagge: Kai da ke wankin kwano a Jamus, ina kai ina RS?

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta: Usta Bala ya yi gaskiya kan baƙin mai, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa Boswaja, kamar ni, ya san inji mai iska ba sa'an Fijo ba ne. Garba bai kawo hujja ba. Ɗan Fagge ka ba Malam Sani haƙuri. Batun farashi kuwa, ban ga wanda ya musa ba.