Abin da aka tsayar kan shigo da WhatsApp da Facebook wurin aiki

Ranar Asabar muka zauna da masu ƙananan kamfanoni a Kano kan ko a bar ma'aikata su riƙa gudanar da aiki ta soshiyal midiya. Kukan farko shi ne ɓata lokaci. Ba a daɗe a kansa ba, don malalaci ko an karɓe masa waya zai samu abokin hira a bakin ƙofa.

Maganar sirri ce ta ci mana lokaci, ni ma ita ta fi tayar min da hankali. Wata hajiya mai ƙaramin asibiti ta ce ma'aikaciyarta ta taɓa tura hoton sakamakon gwajin mara lafiya guruf ɗin danginta bisa kuskure, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Kafin ta goge, an riga an gani. Aka amince kada takarda mai suna ko lambar asusu ta bi ta guruf, tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin a wuyan wanda ya tara bayanan.

Shafin kamfani kuma a buɗe shi da layin ofis, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, kada yaro ya bar aiki ya tafi da shi.

Wani dattijo ya tuna mana rufe Twitter a 2021, kusan wata bakwai. Ya ce a adana lambobin kwastomomi a littafi. Matan wurin suka roƙi a daina turo saƙon aiki bayan sallar isha'i.