Kaska tana iya kashe zaki kuwa?

Ɗan Daji ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana dabbobi. Duk hoton zaki ko kura da aka ɗauka kusa-kusa, in ka duba kunne da wuya sai ka ga kaska a jere, wasu sun sha jini sun kumbura suntum. Ɓauna da raƙumin dawa suna da carki mai tsince musu, shi kuwa zaki ba tsuntsun da zai hau bayansa. To yaya yake yi da ita? Tana iya kashe shi, ko ƙaiƙayi kawai take sa shi?

Likitar Dabbobi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Galibi ba ta kashe shi. Harshen nan nasa mai kaushi yana share da yawa, kuma 'yan garke ɗaya suna lasar wa juna kai da wuya. Wadda kake gani ita ce ta maƙale inda harshe ba ya kaiwa sosai. Jinin da take sha bai taka kara ya karya ba ga dabbar da ta haura kilo 100. Abin tsoron shi ne abin da take zuba masa, wato ƙwayar cutar Babesiya, mai shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su. Ita ma zakuna da yawa suna yawo da ita garau, garkuwar jikinsu ta danne ta.

Sai ranar da garkuwar ta karye. A 1994 zakuna wajen 1,000 suka mutu a Serengeti ta Tanzaniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan yankin. Da farko cutar distemfa ta karnuka aka ɗora wa laifin ita kaɗai. Amma binciken Linda Munson da Craig Packer da abokan aikinsu, wanda ya fito a 2008, ya nuna distemfar ta sha ratsa zakunan nan a wasu shekarun ba a yi irin wannan asara ba. Bambancin shi ne an yi fari mai tsanani a 1993, ɓauna suka rame, da ruwa ya sauka kaska ta yi musu rubdugu suna ta faɗuwa. Zakuna suka samu nama a ɓagas, suka kwasa har da kaskar. Distemfa ta kwantar da garkuwa, Babesiya ta ƙarasa aikin. A 2001 aka maimaita irin haka a kwarin Ngorongoro na Tanzaniya, shi ma bayan fari.

Baba Mai Karnuka ya amsa:

Likita, Allah ya ƙara basira. Ni dai karnukan gida nake tausaya wa fiye da zakin. A Afirka ta Kudu dila mai baƙin baya yana ɗauke da wata muguwar Babesiya, yana harkarsa lafiya lau, amma in kaska ta kai ta jikin karen gida sai ka ga dasashinsa ya yi fari fat, fitsari ya yi ja, in ba a yi sauri ba ya tafi. Na daji sun daɗe tare da cutar, sun san juna. Na gida ne baƙo.

Ɗan Daji ya ƙara da cewa:

Na gode ƙwarai. To me zai hana ma'aikatan gandun daji su riƙa yi musu feshi?

Likitar Dabbobi ta amsa:

Wa zai riƙe maka zakin, Malam? Sai an harbe shi da allurar barci, ita ma da nata haɗarin. Ko an yi, kaskar ba a jikinsa take ƙare rayuwarta ba. Uwar tana ƙoshi ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai dubbai, 'ya'yan wasu nau'o'in a jikin ɓeraye suke fara shan jini, sai sun girma su hau tsinin ciyawa suna jiran mai wucewa. Ka fesa yau, gobe ya kwanta a ciyawa ya kwaso wata. Shi ya sa a Serengeti aka fi mai da hankali kan yi wa karnukan ƙauyukan kewaye allurar rigakafin distemfa da ta haukan kare.