Wane ne wannan Strathcona da sunansa ya cika Kanada?

Sadiya_Edmonton:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na zo karatu Edmonton sunan nan Strathcona yake bina. Unguwar da ke kusa da jami'armu sunanta ke nan, akwai makarantar sakandare mai sunan, har da gunduma guda a gabashin gari. Wata abokiyar karatuna ta ce min wani attajiri ne ɗan Sikotland da ya zama Lord. Abin da ya ɗaure min kai, ta yaya ɗan kasuwa daga Sikotland zai yi siyasa a Kanada, kuma ya ƙare a majalisar dattawan Birtaniya? Gadon sarautar ya yi, ko da kuɗi ya same ta?

Malam Garba:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Bai gada ba. Sunansa na yanka Donald Smith, an haife shi a 1820 a wani ƙaramin gari, Forres, a arewacin Sikotland. Yana ɗan shekara 18 ya tsallaka teku ya kama aikin akawu a kamfanin Hudson's Bay, masu fataucin fatun namun daji. Daga baya aka tura shi Labrador, inda ƙanƙara ke rufe teku rabin shekara, ya yi kusan shekara 20 a can. Ni wannan zangon na rayuwarsa ne ya fi taɓa ni, domin mutum ne da ya fara daga ƙidayar fata a sito, amma a 1889 ya zama gwamnan kamfanin baki ɗaya.

Batun siyasa kuwa, a zamanin duk ɗan Kanada talakan Sarauniyar Ingila ne, don haka ba baƙo ba ne a can. Ya shiga majalisar dokokin Kanada a 1871. Shi da ɗan uwansa George Stephen suna cikin waɗanda suka zuba dukiya a layin dogon da ya haɗa gabashin ƙasar da yammacinta, kuma shi ya buga ƙusar ƙarshe a Craigellachie ranar 7 ga Nuwamba, 1885. Ki nemi hoton, za ki ga dattijo mai farin gemu da doguwar hula riƙe da guduma; ƙusar farko ma lanƙwashewa ta yi, sai da aka kawo wata. A 1896 aka naɗa shi wakilin Kanada a Landan, shekara ta zagayo Sarauniya Victoria ta ba shi sarautar Lord Strathcona. Yana kan kujerar wakilcin ya rasu a 1914, yana da shekara 93.

Ɗan Zango:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma a gafarce ni, an bar rabin labarin. A 1870 kamfanin nan ya miƙa wa Kanada makekiyar ƙasar Rupert a kan fam 300,000, ba wanda ya nemi yardar 'yan asalin wurin. Layin dogon da ake yabo, kafin ma a kammala shi an kwashi sojoji a kansa don murƙushe boren mutanen Métis (zuriyar auratayya tsakanin Turawa da 'yan asalin ƙasar) a 1885. Kwana tara bayan buga waccan ƙusa aka rataye shugabansu Louis Riel, wanda Smith ɗin da kansa ya zauna sulhu da shi a 1870. Ga leburori 'yan Sin dubbai da suka fasa duwatsun yamma, babu ko ɗayansu a hoton, kuma a shekarar aka ɗora wa duk ɗan Sin mai shigowa harajin dala 50. Wannan abu yana ci min rai.

Malam Garba:
Gaskiyarka, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai hannunsa a buɗe yake: shi da Stephen suka gina asibitin Royal Victoria a Montreal, ya kuma kashe kuɗi masu yawa don mata su samu karatu a jami'ar McGill. Haka nan da aljihunsa ya haɗa rundunar mahaya ya aika yaƙin Boer a Afirka ta Kudu a 1900, wannan kam ba zan sa shi a lissafin alheri ba.

Sadiya_Edmonton:
Na gode ƙwarai, Malam da Yaya Ɗan Zango. Ashe sarautar ta biyo bayan dukiyar ne da hidimar da ya yi wa daular. To da ya rasu wa ya gaje ta?

Malam Garba:
'Yarsa tilo, Margaret. A 1900 aka sake ba shi sarautar da sharaɗin za ta iya wucewa ta hannun 'ya mace, kuma har yau zuriyarta ke riƙe da ita.