Tsutsar bututu ko tanar kube?

Jama'a masu fassara da malaman kimiyya, ga wata halitta tana neman suna: wadda Turawa ke kira tubeworm. Na ga an fara rubuta "tsutsar bututu". Ni dai ina da ja a kan kalmomin biyu, tsutsar da bututun.

Kafin a raɗa suna, sai a ga jaririyar. Mu ɗauki wadda aka fi sani a inda kogi ke shiga teku, mai suna Ficopomatus enigmaticus a Latin. A 1921 aka fara lura da ita a magudanar jiragen ruwa ta Caen, arewacin Faransa, sannan masanin dabbobi Pierre Fauvel ya yi bayaninta a 1923. Ba a san daga ina ta ɓullo ba, shi ya sa sunanta na biyu ke nufin "mai ɗaure kai". An fi zaton daga wajejen Ostareliya jiragen ruwa suka kwaso ta a manne a jikinsu.

Tsawonta bai cika wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Daga wuyanta take fitar da sinadarin alli, ta gina wa kanta siririn gida fari daidai jikinta, faɗinsa kamar milimita 2. Tana girma tana ƙara masa tsawo daga baki, har ka ga zobe-zobe a jikinsa. Ba ta barinsa har ta mutu. In ruwa ya natsu sai ta leƙo da wasu gasu masu laushi da ke kanta, ta baza su, tana numfashi da su tana kuma tace ƙananan halittun da ke yawo a ruwa ta ci. Da inuwa ta gifta, wuf, ta shige ciki ta toshe ƙofa da murfi mai 'yan ƙayoyi. Murfin nan siffar ɓaure gare shi, daga nan ma sunanta na farko ya fito.

To, tsutsa. A bakin Bahaushe tsutsa ita ce wadda ke fita a ruɓaɓɓen nama ko cikin goro da mangwaro, wadda gobe za ta rikiɗe ta zama ƙuda ko wani ƙwaro. Wannan kuwa ba ta rikiɗa ta zama komai. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, danginta su ne tana da matsattsaku. Tunda muna da tana, me zai kai mu aron sunan ɗan ƙuda? Ɗalibin da ya ji "tana" ya riga ya kama rabin darasin.

Bututu kuma a buɗe yake gaba da baya, abu ke bi ta cikinsa ya wuce. Gidan wannan ƙofa ɗaya yake aiki da ita, kuma ba hanya ba ce, mazauni ne. Shi ya sa na kawo kube. An yi shi daidai jikin mai shi, wuƙa ta fito ta yi aiki ta koma. Tanar kube ke nan.

Wani malaminmu ya ce a kira ta tanar zartsi. Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi mini daɗi ƙwarai, don ruwan wuraren nan haka yake: ruwan daɗi na kogi ya gauraya da na gishiri, ya zama irin na rijiyar da ake cewa tana da zartsi. Kuma a nan wannan tanar ta fi ƙarfi, don tana jure hawa da saukar gishiri da ke korar yawancin halittun teku. Amma sunan zai bar 'yan'uwanta a waje. Akwai manya da aka gano a 1977 a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi, masu kai mita 2. Su ba ruwansu da zartsi. Mu ajiye kalmar Malam don wurin: inda kogi ya haɗu da teku, a ce magamar zartsi.

Wata Hajiya kuma ta ce tanar alli. Ita ma ta tsaya rabin hanya, Hajiya, don ba kowacce ke gini da alli ba. Lanice conchilega ta gaɓar tekun Turai tsintar yashi da ɓaraguzan kumba take yi tana liƙawa da majinarta. Kube ya ɗauke su duka, sai dai a bambanta: mai kuben alli, mai kuben yashi.

Wanda ya ce wa zai ma buƙaci sunan nan, ya dubi aikinta. Ƙwai da maniyyi a ruwa take saki, 'ya'yan su yi ta iyo, sannan su sauka su manne a kan abu mai tauri, galibi kan kuben iyayensu. Haka gini ke hawa kan gini. A tafkin Mar Chiquita na Ajantina sun yi tuddai masu zagaye da faɗinsu ke kai mita 7, suna tare laka suna rage gudun ruwa. Akwai irinsu a tafkin Tunis. A tashoshin jiragen ruwa suna toshe bututan jan ruwa, su lulluɓe ƙasan kwalekwale, a yi ta kashe kuɗin kankarewa. Ta wani gefen kuma tacewar da suke yi tana washe ruwa, kamar a tafkin Zandvlei kusa da Cape Town, ƙaguwa da ƙananan halittu kuma na samun maɓoya a tsakanin kuben. 'Yar'uwarta Ficopomatus uschakovi tana nan a ruwan Legas.

Ku lura da jimlar can ta sama: "suna toshe bututan jan ruwa". Da tsohon sunan, sai mai labarai ya ce tsutsar bututu ta toshe bututu, mai sauraro ya ɗauka a cikin famfo take rayuwa. Wanda ke da abin da ya fi tanar kube ya kawo, amma ya gwada shi a kan ukun nan: ta alli, ta yashi, da ta ƙasan teku.