Kibiyar ta nuna sama, kuɗin lefena kuma suna ƙasa

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a ba ni shawara. Bara na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Tun ina hidima nake matse alawus, na haɗa da adashen da muka yi mu shida, da kuɗin kwamfutata da na sayar, suka kai naira dubu 600. Na lefe ne. Iyayen yarinyar sun ce bayan babbar Sallah, kuma sau ɗaya mahaifiyata ta riga ta je ta roƙi a ɗaga mana. Sai na ga hoton sakamakon wani kamfani a manhajar dillalin hannun jari, kibiya kore, kuɗin shiga ya haura sosai. Na zuba duka. Yanzu farashi ya sauka, barci ya gagare ni. In sayar ko in jira?

Baban Kongo: Ƙanena, wane kamfani? Nawa ka saya, nawa yake yau? Ba ka faɗa ba. Amma na san abin da ya kama ka. Kuɗin shiga daban, riba daban. Mai shago a kasuwar Sabon Gari yana iya cinikin miliyan a wuni, ya kwana da bashi. Da Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, duk kamfanin da ake binsa dala ya ji jiki. MTN Nigeria ta samu kuɗin shiga sama da naira tiriliyan 2.4 a 2023, ta kuma rufe shekarar da asarar biliyan 137. Duka biyun gaskiya ne, amma wanda aka rubuta da manyan haruffa shi ido ke kamawa. Ka shiga shafin NGX, wato kasuwar hannun jarin Najeriya, ka sauke cikakken rahoton, ka duba riba bayan haraji da asarar canji. Kuma kada ka sayar.

Antin Tudun Wada: Sayar, ɗana, ka tsira da abin da ya rage. Kuɗin aure ba na jira ba ne. Ni masara na saya a Giwa na ajiye, kowa na cewa za ta tashi, ta faɗi warwas, ga kuɗin sito ga maganin ƙwari. Wanda ya zuga ni ko gaisuwa ba ya yi min yanzu.

Ɗan Samaru: Yallaɓai, ba da ka na shiga ba fa. Kamfanin babba ne, kayansa na kowane shago. Kuma rahoton ya wuce shafi ɗari, a waya wa zai iya?

Baban Kongo: Shafi uku kawai kake buƙata. Ko haurawar da ka gani, ka auna ta da tsadar kaya: a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda cinikinsa bai ƙaru haka ba, baya ya ci. Hajiya, masara na ruɓewa, hannun jari ba ya ruɓewa. Muddin bai sayar ba, bai yi asara ba.

Antin Tudun Wada: Surukai za su karɓi wannan bayanin a madadin akwati?

Malamin Kofar Doka: Ni tambayata daban. Ka bincika ko kamfanin na cikin waɗanda suka dace da Shari'a? Akwai ma'aunin Lotus a NGX, wato jerin kamfanonin da suka dace da Shari'a, ga sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa ruwa, tun 2017. Yaranmu ba sa tambayar wannan, ɗana ma haka muke fama da shi.

Ɗan Samaru: Malam, ai ba banki ba ne, ba giya ba ne. Kuma dillalin yana da rajistar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, na duba. Ina ganin in sakamakon wata ukun nan ya fito, zai farfaɗo. Ko in ranci dubu 100 in ƙara tunda ya yi araha?

Baban Kongo: Kafin rance, faɗa mana sunan kamfanin.

Ɗan Samaru: Yayan yarinyar yana cikin zauren nan. Zan yi maka magana ta gefe.