Shigowar ƴan kasuwa ta gyara intanet ne ko ta ɓata shi?

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum. Malaminmu a jami'a ya ce a farkon intanet ba a yarda a yi talla ko ciniki a kansa ba. Ina roƙon magabata da suka san tarihin su bayyana mini yadda wannan ƙa'ida ta faɗi, da abin da aka rasa bayan faɗuwarta.

Mai gyaran kwamfuta, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminku ya faɗi gaskiya. Babbar hanyar da ta haɗa jami'o'in Amurka, wato NSFNET, da kuɗin gwamnati aka gina ta, shi ya sa aka keɓe ta ga bincike da karantarwa, har zuwa ƙarshen watan Afrilun 1995 da aka rufe ta aka bar wa kamfanoni fagen. Tun kafin nan, a Afrilun 1994, wasu lauyoyi biyu mata da miji, Canter da Siegel, suka watsa tallar cacar katin zama a Amurka cikin dubban zaurukan tattaunawa na intanet da ake kira Usenet, jama'a suka fusata har kamfanin da ke ba su layi ya yanke su. Yau wa zai ɗaga kai don talla guda?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan bayanin nan da shafin intanet ke ajiyewa a kwamfutar mutum, wanda ake kira cookie. Netscape, mai yin manhajar buɗe shafukan intanet, ta ƙirƙiro shi a 1994 domin shafi ya riƙa tuna mai ziyara da kayan da ya zaɓa, amma ba a jima ba masu talla suka mai da shi hanyar bin sawun mutane daga wannan shafi zuwa wancan.

Hajiya mai sibar (shagon intanet), Yamai:
Malam, ban musa maka ba, sai dai ka duba ta ɓangarenmu. Da abin ya tsaya a hannun jami'o'in Turawa, yaushe zai iso Yamai, balle Tawa? Hotmail da ta fito a 1996 tana ba da akwatin saƙo kyauta, da kuɗin talla take rayuwa a lokacin. Na ga dattijo ya zo shagona da adireshin ɗansa a rubuce cikin ƴar takarda da ya naɗe a aljihu, yaro ya buga masa saƙo zuwa Faransa, washegari ya dawo aka karanta masa amsa yana share hawaye. Ita kanta cacar katin Amurkar, a shagona matasa suke layin cika ta.

Mai gyaran kwamfuta, Yamai:
Haka ne, Hajiya, amma wanda ya ba ka rumfa kyauta yana iya kwance ta ranar da ya ga dama. GeoCities, da ta riƙa ba mutane wurin kafa shafi kyauta, ta tara miliyoyin shafukan da talakawa suka rubuta da hannunsu. Yahoo ta saye ta a 1999, ta rufe ta a 2009, sai abin da ƴan sa-kai suka yi gaggawar kwafewa ne ya tsira.